Ajimi da Ƙwallon da Ta Wuce Aduwa

A cikin sana'o'in da talauci ke jefa ɗa namiji, da wuya a sami mai ban takaici irin wadda Ajimi ya yi a Yerwa, wato Maiduguri. Shekara ashirin da wani abu yana saɓe da jakar sanduna, ƙattin masu kuɗi suna tafe yana biye, don kawai su bugi wata ƴar farar ƙwallo da ba ta fi ƙwan zabuwa ba, su bi ta, su sake bugu, har ta faɗa wani ɗan rami. Wai golf. In ta shige ƙaya, Ajimi ne zai shiga nema. In ta ƙi tafiya, Ajimi ne ya ba da sandar da ba ita ba. In kuwa ta tafi daidai, to oga ne ya iya. Tir da wannan aiki!

Ba can aka haife shi ba. Ɗan bakin kogin Komadugu ne, daga wani ƙauye gabas da Geskeru, gidan manoman tattasai tun kaka da kakanni. Tun yana saurayi ƙarfi ya yi masa yawa, buhun da mutum biyu ke nishi a kansa shi kaɗai yake cicciɓa ya aza a mota. Wata shekara ya bi motar tattasai zuwa Yerwa da niyyar kwana uku, sai ya zarce da dako a kasuwa. A nan wani Alhaji ya ga faɗin kafaɗarsa ya ce wannan ai an halicce shi ne don ɗaukar jaka, ya kai shi filin. Filin ma ba ciyawar kirki, yashi ne da ƙarangiya, an kwaɓa baƙin mai da rairayi a kewayen kowane rami. Nan ne wai manya ke shan iska.

Abin da ya fi ƙona masa rai a wasan shi ne ba ya girmama ƙarfi yadda ya kamata. A hankalin kowa, wanda ya fi saurin wurga sanda shi ne ƙwallonsa za ta fi nisa. Gaskiya ne, amma rabinta. In kan sandar bai zo da gudu ba, ƙwallo ba inda za ta, wannan ba gardama. Sai dai gudun ya zama na banza in fuskar sandar ba ta tari ƙwallon da tsakiyarta ba. In ta same ta da gefe, ko ta fara cin ƙasa kafin ta iso, duk ƙarfin zubewa yake a hanya kamar ruwan kwatar da ɓera ya huda. Kunne ma yana gaya maka. Bugu mai kyau ƙas yake cewa, hannu ba ya jin komai. Mummuna kuwa sai ka ji kwal, ya girgiza ka har gwiwar hannu, ƙwallon ta yi ta birgima a gabanka tana ba ka kunya.

Akwai wani tsohon likita a cikin masu wasan, siriri kamar sillen kara, wanda yake ɗaga sanda kamar ba ya so, amma ƙwallonsa sai an yi tafiya kafin a iske ta. Wata rana wani ya zo da na'ura daga ƙasar waje, mai auna gudun sanda da gudun da ƙwallo ke tashi da shi. Da manya suka gaji da wasa da ita, aka ce a kira masu ɗaukar jaka su ma su gwada, a sami abin dariya. Ajimi ya tuɓe riga ya zabga. Na'ura ta nuna duk filin ba wanda sandarsa ta kai tasa gudu, har da samarin da ke zuwa gasa. Amma ƙwallon ko inda ta tsohon likita ke faɗuwa ba ta kai ba.

"Ƙarfin jaki, bugun makaho!" in ji ogansa, yana riƙe ciki.

Kowa ya kwashe da dariya, Ajimi ma ya taya su, tun da abincinsa a cikin dariyar yake. Likitan ne kaɗai ya ce masa, "Rage gudu, ka nemi tsakiya." Ai ya sani! Shi da ke gaya wa sababbin shiga haka kullum. Sani a baki yake, da zarar sanda ta shiga hannunsa sai kafaɗun dako su ƙwace ragama.

Sanda ɗaya ya mallaka a rayuwarsa, mai kan ƙarfe. Wani Alhaji ne ya ɓata bugu, ya fusata ya maka ta a jikin itace har ta lanƙwashe, ya ce a ɗauke ta kar ya ƙara ganinta. Ajimi ya kai wa maƙeri ya miƙe ta. Da fitina ta yi ƙamari, manya suka daina zuwa fili, masu halin jirgi suka hau jirgi, ba wanda ya waiwayi mai ɗaukar jakarsa ko da sallama. A jikin sandar nan ya rataya ƙunshin kayansu, ya sa ƙwallo ɗaya a aljihu, ya tasa matarsa Falmata da yara suka ƙetaro iyaka. Suka tarar ƙauyensu ma an tashi, ba kowa sai bango. Haka suka zube a tashar Diffa, ba dangin iya ba na baba.

Fannami ne ya tsince su. Ba ɗan uwa ba ne, wani dattijo ne manomin tattasai da ya san mahaifin Ajimi a kasuwa. Ya ji sunan, ya dubi yaran, ya ce, "Ɗan Maina ba zai kwana a tasha ba ina raye. Ku taso." Matarsa, Ya Kubra, ta kwashe buhunan tattasai daga ɗakin ajiya ta share musu, suka yi mako suna atishawa. Ta raba tukwanenta biyu ta ba Falmata rabi. Ana cewa baƙo raɓa ne, amma wannan raɓa ta shekara ta sake shekara, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa nuna musu a fuska ba.

Gidan Fannami a Diffa yake, gonarsa kuwa tana wani ƙauye ta hanyar Shetimari. Da aka sake barin mutane su koma noman tattasai, wanda hukuma ta hana lokacin fitina, Ajimi ya zama hannun damansa a gonar. In an huta da rana, sai ya ɗauko sandarsa ya jera ƙwallon goruba yana zabga musu, ƴan ƙauye suna taruwa kallo. Ƙwallon gaskiyar tana gida, a naɗe cikin tsumma a ƙasan kwallar Falmata, ba ya yarda ta ɓace. Mutane suka ɗauka shi ma babban ɗan wasa ne a Yerwa, wai har gwamnoni yana kayarwa. Bai ce haka ba, amma bai ce a'a ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin a bayan wasu, ranar da ya ga ana kallonsa shi ma, sai abin ya yi masa zaƙi.

Sannan Fannami ya kwanta ciwo na ƴan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Ɗansa namiji ɗaya ya tafi haƙar zinariya arewa, ba wasiƙa ba waya. Ƴan matan duk suna gidajen aure. Ya Kubra ta riƙe gonar da kanta, da ƴan ƙwadago da Ajimi, tana hawa motar kasuwa tana zuwa duba ruwa. A daidai lokacin kuma porjen agajin da ke raba musu hatsi ya naɗe tabarmarsa. Yara sun girma, cikinsu ma ya girma.

"Har yaushe za mu yi ta ci a kwanon matar da ita ma mijinta ya rasu?" in ji Falmata. "Ka nemi taka gona, Ajimi. Ko ta kai tabarma."

Gaskiya ta faɗa. Kuma akwai filin: wata doguwar saura ce tsakanin kwata biyu, ta taso daga bakin babbar kwatar da ake jan ruwa ta miƙe har gindin wata aduwa. Daga aduwar ne gonar Fannami ta fara. Saurar a hannun mai garin take, Bulama Tahir.

Shi kuwa Bulama Tahir mutum ne da ba ya cewa i, ba ya cewa a'a. Abincinsa shi ne ya ga mabuƙaci a tsugune a gabansa. Ajimi ya je da goro, aka ce ya dawo. Ya dawo da sukari da ganyen shayi, aka ce Bulama na barci. Ya sake dawowa, aka bar shi a rana ana hirar farashin taki a kansa kamar ba mutum ba ne. Ƙato guda, furfura ta fara fito masa, yana cire takalmi tun daga nesa don saurar da ba ta tsirar da komai sai tumfafiya. Kowace komowa sai ya tofar da yawu a bakin hanya, gobe kuma ya koma.

Ranar sunan jikan Bulama ne abin ya faru, cikin bazara, ƙasa ta bushe ta tsattsage. An ci shinkafa da nama an ƙoshi, dattawa sun baje a inuwa. Bulama yana sakace, idonsa ya faɗa kan Ajimi can gefen tabarma.

"Af, ga mutumin Yerwa! Har yanzu kana son saurar nan?"

"Ina so, ranka ya daɗe."

"To ni ba zan auna maka da igiya ba. Gobe da hantsi ka tsaya a bakin babbar kwata ka bugi ƙwallonka. Inda ta tsaya, nan ne iyakar gonarka. Bugu ɗaya tak. Kuma ba goruba ba, ta Turawan nan da aka ce kana ɓoyewa a kwallar mata."

Wuri ya kaure da dariya. Wani ya ce, "In ta wuce aduwa fa, Bulama?"

"In ta wuce ta wuce! Ko Damagaram ta kai, tasa ce."

Dubi wannan rashin ta-ido, don Allah. Abincin ƴaƴan mutum na shekara an mayar da shi wasan bayan cin shinkafa. Ajimi ya ji kamar ya tashi ya kifar da butar shayin a kan rawanin. Amma ya washe baki ya ce ya gode, irin washewar da ya koya a Yerwa.

Da ya koma Diffa ɗauko ƙwallon, Ya Kubra tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ji labari ta yi tsaki don wulaƙancin, sannan ta ce, "Bar shi da halinsa, ƙanena. Ka je ka buga, Allah ya ba da sa'a. In ka samu ai maƙwabtaka ta yi daɗi. Injina na ban ruwa yana nan, sai mu sha tare."

Washegari ƙauyen kaf ya fito, har masu tallan ƙosai. Samari sun ɗaga wayoyi. An kawo wa Bulama kujera an dasa a bakin kwata. Ajimi ya tara ɗan tudun ƙasa ya ɗora ƙwallon, ya tsaya yana duban aduwa, yana lissafi a ransa. Goruba ko rabin hanyar ba ta kaiwa, amma wannan ba goruba ba ce, tsalle gare ta. In ya saki ƙarfinsa duka, abu biyu ne. Ko ya same ta da gefe kamar yadda ya saba, ta karkace ta faɗa kwata nan kusa, ya tashi da gonar da ba ta fi tabarma ba. Ko kuwa tsautsayi ya sa ya same ta daidai, ta ƙetare aduwa ta shiga gonar Ya Kubra, ya jawo magana. Sai ya yanke: zai rage. Zai ɗaga sandar a hankali, ya sauke ta da kamar kashi biyu cikin ukun ƙarfinsa, ƙwallon ta faɗi kafin aduwa ta gangara gindinta.

"Da ƙarfi, mutumin Yerwa!" jama'a na ihu. "Nuna musu!"

Bai kula su ba. Karo na farko a rayuwarsa kafaɗun nan suka ji magana. Sandar ta tafi baya a natse, ta dawo a natse, ƙafafunsa ba su gusa ba, kansa bai ɗago ba.

Ƙas!

Hannunsa bai ji komai ba, kamar iska ya buga. Ƙwallon ta tashi ɗoɗar, tana hawa tana ƙara hawa, fara tas a cikin sama. Ta bi ta saman aduwa ko ganye ba ta taɓa ba. Ta sauka a kan busasshiyar laka mai tauri kamar siminti, ta yi tsalle, ta sake yi, ta yi ta gudu. Garin gyaran gira an rasa ido. Gudun da ya rage kaɗan ne a kan abin da tsakiyar sandar ta mayar masa, domin duk abin da ya zuba a bugun nan ƙwallon ta karɓe shi, ko ɗigo bai zube ba.

Ga abin ƙyamar kuwa: abin da ya fara ji daɗi ne. Wallahi daɗi! Ya tsaya da sanda a bayan wuya yana kallonta, baki har kunne, yana jin ina ma ogan nan na Yerwa yana wurin. Sai da samarin da suka bi ta a guje suka tsaya can ƙarshen gonar Fannami, dab da bukkar da marigayin ke hutawa, suna ɗaga hannu, sannan murmushin ya bushe a fuskarsa.

Bulama Tahir bai yi dariya ba wannan karon. Sai shafa gemu yake, idanunsa na tafiya daga aduwa zuwa bukka suna dawowa. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki.

"To," ya ce. "Magana zarar bunu ce. Jama'a kun ji abin da na faɗa jiya."

"Ranka ya daɗe," in ji Ajimi, "ai can gonar marigayi ce. A tsayar mini a aduwa, ya ishe ni."

"Gonar wa? Gonar mahaifina ce, aro ya ba Fannami. Mai aro ya rasu, ɗansa ya bi duniya. Ko ba haka aka yi ba, dattawa?"

Dattawa suka gyaɗa kai. Waɗansunsu tun suna samari suke ganin Fannami a gonar nan, sun san tsohon Bulama ya bar masa ita har abada, shi ya sa ko buhu ɗaya ba a taɓa karɓa a hannunsa ba. Amma jiya suka ci shinkafar mutum, man bai gama bushewa a gemunsu ba. Allah wadaran naka ya lalace!

"Kai za ka noma, ka riƙa fitar mini da rabona in an tsinka, kamar kowane mai aro," in ji Bulama. "In kuma ba ka so, ka bar ta duka, da gaban aduwa da bayanta. Akwai wani mai kanti a Diffa da ya daɗe yana bina a kanta."

Ajimi ya tsaya da sanda a hannu, rana na dukan ƙeyarsa. Ya tuna Ya Kubra. Ya tuna kuma tukunyar Falmata. Sai wata dabara mai daɗin ji ta zo masa: in ya ƙi, mai kanti zai karɓa, Ya Kubra ta rasa gaba ɗaya. In kuwa ya karɓa, sai ya noma mata nata, sunansa ne kawai a kai. Ai taimako ne ma. Haka ya gaya wa kansa, kuma a ranar da gaske yake. Ya cire takalmi, ya tsuguna.

"Na gode, ranka ya daɗe."

Labari ya riga shi isa Diffa, a waya aka nuna wa Ya Kubra. Ya shiga gidan yana jan ƙafa, ya same ta tana tsince shinkafa a faifai.

"Na ga bugun," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ashe da gaske ka iya."

"Ya Kubra, wallahi ragewa na yi. Naki naki ne. Ni zan noma miki, ko ƙwaya ba zan taɓa ba."

"Allah ya sa."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Da magariba ta aiko musu da tuwo kamar kullum, har da man shanu a miyar. Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙin haɗiya. Ta je sau ɗaya gaban na sama da Bulama ta kai kuka, aka ce ta kawo shaidu. Shaidun kuwa su ne masu man shinkafa a gemu. Ta dawo ta rufe maganar.

Kafin ruwan farko Ajimi ya kwashe iyalinsa suka koma ƙauyen, wai don kusa da aiki. Ƙarya ne, tsakar gidan ce ta gagare shi ratsawa. Bayan kwana kaɗan sai ga amalanke ya tsaya a bakin gona da injin ban ruwa a kai. Mai amalanken ya ce Ya Kubra ce ta aiko, ta ce alkawari ta yi, kuma ita yanzu ba ta da inda za ta kai ruwa. Da mutumin kirki ne, da ya mayar da shi. Ajimi ya sa hannu ya sauke, shi kaɗai, da ƙarfin nan nasa.

Kuma tattasai ya yi kyau, kamar da gangan. Dashe ya kama, ambaliya ta tsaya nesa, tsutsa ta bi gonakin wasu ta bar tasa. Ƴaƴa suka yi jawur, reshe har yana sunkuyawa. Tun kafin a fara tsinka masu rabo suka fara leƙowa: ga na Bulama, ga mai man inji, ga mai taki. Falmata ma da nata: rufin ɗaki yana yoyo, babbar ƴarsu ta isa aure, ƙananan ba takalmin zuwa lakwal, wato makaranta. Ba wanda ya faɗi ƙarya a cikinsu. A cikin kan Ajimi rabon Ya Kubra ya tashi daga duk abin da ke bayan aduwa ya koma rabinsa. Daga rabi ya koma buhunan da za su saura. Daga nan ya koma "bari dai a gama tsinka". In ya shiga Diffa sayen mai, sai ya zagaya ta bayan kasuwa don kar ya bi ta ƙofar gidanta. Ya daina taɓa sandar, ko ganinta ba ya so, kamar ita ce ta tsuguna ta yi godiya.

Tsinkar tattasai aikin mata ne. Da sassafe suke zuwa daga Diffa da matsugunan ƴan gudun hijira, kowace da daronta, su yi layi a bakin gona, mai gona ya nuna wa kowace kunyar da za ta kama, da la'asar a auna abin da ta tsinka a sallame ta. Ranar da aka fara, Ajimi yana tsaye yana rabon kunyoyi, wakilin Bulama na zaune a gefe kan buhu yana jiran ganin abin da za a fitar. Ya sallami ta farko, ya sallami ta biyu. Ya ɗago kai don ta gaba, sai ya ga Ya Kubra.

Ta rame. Tsohon zane ne a jikinta, na aiki, ta ɗaure ƙugu da gyale, daro a hannu.

"Ya Kubra!" in ji shi. "Haba, Ya Kubra, me ya kawo ki nan?"

"An ce kana ɗaukar masu tsinka."

"Subhanallahi! Ki koma gida, don Allah. Ni zan aiko miki, wallahi ina nan tafe da..."

"Ba roƙo na zo ba, Ajimi. Aiki na zo." Ta gyara riƙon daron. "Wace kunya zan kama, mai gona? Rana tana yi."

Matan da ke layi suka juyo suna kallo. Wasu sun san ta, sun yi mata tsinka a wannan gonar tana ba su fura da rana. Wakilin Bulama ya daina taunar goro ya zuba ido.

Maganar tana nan a bakin Ajimi, gajeriya ce, ko yaro zai iya faɗinta: gonarki ce, shiga bukka ki zauna, a kawo miki buhunanki. Ya buɗe baki. Ya dubi wakilin, wanda kafin azahar zai kai wa Bulama duk abin da ya ji. Ya dubi jan tattasan nan da ya miƙe har ƙarshen gani, ya ji auren ƴarsa da rufin ɗakinsa sun hau masa harshe sun zauna. Ƙyamar kansa ta taso masa, ya san ta sarai, ya haɗiye ta.

Ya ɗaga hannu ya nuna mata kunyar ƙarshe.

Ta ce to, ta wuce ta gabansa ta duƙa. Duk matan ba wadda ta kai ta sauri, don ta san kowane lungu na wurin. Da la'asar ta shiga layi da sauran, ya auna tsinkarta da tiyar da yake auna ta kowa.